Yadda Ake Karanta Lafiyar Ruwan Baturiya a Ƙwaƙwalwar Tarwaɗa

Duk shekara, daga Agusta zuwa Satumba, kogin Haɗeja kan cika ya batse, ya fantsama cikin fadamun Kirikasamma, har Baturiya ta zama ruwa iyakar ganinka. In ya fara janyewa sai ya bar tafkuna cike da kifi, ya bar danshi ga masu shinkafa da masu lambu, tsuntsaye kuma su soma sauka daga Turai su yi hunturu a nan. Tun 2008 dausayin Baturiya ya shiga jerin manyan dausayoyin duniya da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu, kuma a faɗin dausayin Haɗeja da Nguru an ƙidaya nau'in tsuntsaye sama da 370. To amma wannan ruwa matafiyi ne. Ya taso ta madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa ta 1992, ya ratsa gonakin rani na Kura da Bunkure, ya wuce bayan masana'antun Kano, ya gangaro ta Wudil da Ringim da Auyo kafin ya iso. Duk abin da ya tarar a hanya da shi yake tafe.

Masunci ya san ruwa sani na haƙiƙa. Ya san launinsa da warinsa, ya san inda ciyawar kachala ta toshe masa hanya, ya san lokacin da karfasa za ta yi wuya. Abin da idonsa ba ya kaiwa gare shi shi ne gubar da ba ta isa ta kashe kifi ba, amma ta riga ta shiga jikinsa. Ita ma akwai masu ganinta, da hannu da na'ura da lissafi, kuma a jami'a ake koyon wannan sana'a. Sunan fannin bayokemistiri, wato ilimin sinadaran da rai ke gudana a kansu. Ɗan'uwansa na jini shi ne bayofiziks, wanda ke auna mai rai da ma'aunin haske da zafi da nauyi da lantarki.

Ga ɗan fadama, tambayoyin fannonin nan biyu a ƙofar gida suke. Kowa ya san gaiwa kan nutse cikin laka in tafki ya ƙafe, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta kwana watanni ba ci ba sha har ruwa ya dawo. Bayokemistiri ne ya gano yadda take yi: takan rage saurin ƙona abinci a jikinta ƙwarai, ta rayu da tsokar jikinta, ta kuma juya dattin jikinta mai guba, wato amoniya, ya koma yuriya, sinadarin nan da manomi ya sani a buhun taki, don shi jiki na iya tara shi ba tare da ya halaka ba. Kowa kuma ya ga tarwaɗa na leƙowa saman ruwa da tsakar rana tana haɗiyar iska. Bayofiziks ne ya faɗi dalili da adadi: lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 20 na riƙe kimanin miligiram 9 na iskar oksijin, in zafin ya kai digiri 30 sai ya sauka zuwa wajen 7.5. Tarwaɗa kuwa Allah Ya yi mata wata gaɓa ta daban a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da ita.

Mai son koyon wannan sai ya fito da kiredit biyar a WAEC ko NECO, a Turanci da lissafi da kemistiri da bayoloji da fiziks, ya ci JAMB, ya nemi gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka buɗe a 2011, ko Bayero ta Kano, ko Ahmadu Bello ta Zariya. Karatun shekara huɗu ne. Ta farko kimiyya ce ta gama-gari. A ta biyu da ta uku ake shiga furotin da kitse da sukari da ƙwayoyin gado, a bi hanyoyin da jiki ke mai da tuwo ƙarfi, a kuma tafi koyon aiki a asibiti ko masana'anta ƙarƙashin shirin SIWES. A ta huɗu ake ba ɗalibi furojet, bincike na ƙashin kansa, kuma a nan ne hannu ke nuna abin da ya koya. Mu ɗauki ɗaliba 'yar ƙasar Haɗeja wadda ta zaɓi ta bincika ko maganin ƙwari ya taɓa tarwaɗar Baturiya, mu bi ta daki-daki.

Kafin ta taɓa kifi sai ta san abin da take nema. Akwai dangin magungunan ƙwari da ake kira oganofosfet. Fiya-fiya, wanda sinadarinsa shi ne daikulobos, ɗan gidan ne, kuma shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Fentiyon, da aka daɗe ana feshin tsuntsayen jan-baki da shi a ƙasashen Afirka, shi ma ɗan gidan ne, jan-baki kuwa a cikin kachala yake kwana. Dukkansu wuri ɗaya suke kai hari. In jijiya za ta umarci tsoka ta motsa, takan saki wani sinadari, asetilkolin, ya tsallaka ɗan gibin da ke tsakaninsu ya isar da saƙo. Da isarwa sai wani enzayim, wato furotin mai hanzarta aiki a jiki, ya farfasa shi nan take. Sunansa asetilkolinestares, kuma ƙwaya ɗaya tasa na farfasa sama da 10,000 a daƙiƙa guda. Aikinsa irin na mai wanke allo ne: in ba a wanke rubutun jiya ba, ba inda za a rubuta na yau, sai tawada ta hau kan tawada har karatu ya gagara. Gubar takan maƙale wa wannan enzayim ta hana shi aiki, saƙo ya yi ta cunkushewa, jiki ya kama karkarwa, numfashi ya sarƙe. Saboda haka ɗalibarmu ba za ta tsaya farautar gubar a cikin ruwa ba, don takan lalace ta ɓace cikin kwanaki. Za ta auna ƙarfin da ya rage wa enzayim ɗin a ƙwaƙwalwar kifi, domin tabon kan daɗe bayan mai yin sa ya tafi.

Aikin da asuba yake farawa, kuma da gaisuwa. Sai ta nemi izinin ma'aikatan gandun dajin Baturiya, ta je gaban sarkin ruwa ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, karatu ne ya kawo ni." In ya haɗa ta da masunci, "Baba" za ta kira shi, shi kuma ya ce da ita "'yata", kuma mai hankali takan saurare shi sosai, don shi ya san tafkin da ruwan gona ke malalowa cikinsa da wanda ke can tsakiyar daji ba ruwansa da gona. Daga kowane wuri takan zaɓi kifi masu girma kusan ɗaya, domin ƙarfin enzayim ɗin na bambanta tsakanin ƙaramin kifi da babba. Ta auna tsawo, ta auna nauyi, ta rubuta namiji ne ko mace, ta auna zafin ruwan da tsaminsa. Lambar kowane kifi da fensir take rubuta ta a 'yar takarda, saboda tawadar biro na zuba in ta jiƙe. Sannan kai tsaye cikin kula mai ƙanƙara. Daga wannan lokaci har ƙarshen aiki zafi ne abokin gabarta. Furotin abu ne mai naɗi na musamman, zafi na warware naɗin, in ya warware kuwa enzayim ya mutu, sai awo ya nuna guba a inda babu ita.

A ɗakin gwaji, ranar farko ba ta kifi ba ce, ta haɗa ruwa ce. Ana ce da shi bafa, ruwan da ke riƙe daidaito tsakanin tsami da kanwa ko da an ɗiga masa ɗayansu. Ma'aunin wannan daidaito shi ne pH, daga 0 zuwa 14: ƙasa da 7 ɓangaren tsami, sama da 7 ɓangaren kanwa. Gwajin nan 8.0 yake so, ba 7.5 ba, ba 8.5 ba. Ɗalibarmu za ta auna gishirin fosfet iri biyu a sikeli mai ƙofofin gilashi, mai karanta kashi ɗaya cikin dubu goma na giram, wanda ko numfashi ya taɓa shi sai lamba ta motsa, shi ya sa ake rufe ƙofofin kafin a karanta. Ta narkar da su cikin tataccen ruwa, ta cika kwalba mai dogon wuya har zuwa zanen da ke wuyanta. Ruwa a siririn wuya ba ya kwanciya miƙe, yakan ɗan lotsa a tsakiya, don haka sai ta durƙusa idonta ya yi daidai da zanen, ta tabbata ƙasan lotsawar ne ya zauna a kansa. Na'urar awon pH ita ma ba a yarda da ita haka nan, sai an fara gwada ta da ruwan da aka san nasa, mai 4 da mai 7 da mai 10.

Sai ranar fiɗa. Ƙoƙon kan tarwaɗa faffaɗan ƙashi ne mai tauri, ƙwaƙwalwar kuwa 'yar mitsitsiya ce a can ƙarƙashinsa. Da almakashi mai ƙarfi ake buɗe shi a kan faranti mai ƙanƙara, a ɗago ƙwaƙwalwar da hantsaki a hankali don kada ta dagargaje, a ɗauraye jinin da ke jikinta da bafa mai sanyi, a tsane ta, a auna. Ga kowane miligiram 20 na nama, mililita ɗaya ta bafa. Ana niƙa ta a bututun gilashi mai 'yar taɓarya, bututun na tsaye cikin ƙanƙara, ana yi ana hutawa, domin gogayya kanta zafi take haifarwa. Ga wani sirri da littafi kan ambata a layi ɗaya, amma rashin saninsa kan ɓata aikin wata guda: yawancin enzayim ɗin a manne yake da fatar ƙwayoyin jijiya. In ba a ɗiga ɗan sabulun ruwa na musamman, Triton X-100, ya ɓamɓaro shi ba, zai bi tuƙa ya kwanta a ƙasa a mataki na gaba, a zubar da shi ba a sani ba.

Mataki na gaba shi ne sentirifuj, na'urar da ke juya bututu da gudu har abin da ke ciki ya ji nauyinsa ya ninka sau dubu goma. Mai nauyi ya sauka ƙasa ya dunƙule, mai narkewa ya tsaya a sama garau. Kafin a rufe murfi, kowane bututu sai an ba shi abokin da ke fuskantarsa mai nauyi daidai da nasa, a auna su a sikeli, ba da ido ba. Ƙaramin bambanci a wannan gudu kan girgiza na'urar har ya karya mata ƙashin baya. Digiri 4, minti 15 zuwa 20. In ta tsaya, sai a zuƙe ruwan sama ba tare da an taɓa na ƙasa ba.

Abin zuƙar shi ne fifet, kuma in kana son ka san ɗalibin da ya zauna ya koya, dubi babban yatsansa a kansa. Fifet na ɗibar maikurolita, kashi ɗaya cikin dubu na mililita. Ɗigon ruwa guda ya kai wajen maikurolita 50, gwajin nan kuwa akwai inda 20 kacal ake so. Maɓallinsa na da matsaya biyu. Ana dannawa zuwa ta farko, a tsoma bakin roba kaɗan cikin ruwa, fifet na tsaye ƙyam, a saki yatsa sannu a hankali. In aka saki da garaje sai kumfa ta shiga, adadi ya ragu. Wajen zubawa a danna zuwa ta farko, a ɗan dakata, sannan a ƙarasa zuwa ta biyu don ɗigon ƙarshe ya fita. Kowane sabon ruwa da sabon baki. Mai son hannunsa ya faɗa yakan zauna gaban sikeli yana ɗibar tataccen ruwa yana aunawa, domin maikurolita 100 ya kamata ta ba da miligiram 100, ya yi ta maimaitawa har lambobin su daina yawo. Ba maki ake ba shi a kan wannan zama ba. Akwai kuma wanda kan tsaya can bayan ɗaki da waya a hannu, in an tashi ya ari littafin abokinsa ya kwafe. Shi ma rigar farar ce a jikinsa, amma ranar da aka miƙa masa fifet yatsansa kan faɗi gaskiya.

Yanzu an zo zuciyar aikin, hanyar da George Ellman da abokan aikinsa suka wallafa a 1961 daga Jami'ar Kalifoniya a Amurka, wadda har yau ita duniya ke bi. Hikimarta ita ce a sa abin da ba a gani ya yi launi. Ana ba enzayim ɗin abinci mai kama da nasa na asali, asetiltayokolin. In ya farfasa shi, ɓangare ɗaya kan haɗu da wani sinadari da ake kira DTNB, haɗuwar ta haifar da launin ruwan ɗorawa. Enzayim mai lafiya, launi ya taso da sauri. Wanda guba ta kama, launi ya yi ta jan ƙafa. Sai dai ido ba ya iya cewa wannan ɗorawar ta fi waccan da kashi kaza, don haka ake miƙa hukunci ga sifektirofotomita, na'urar awon haske. A cikinta akwai fitila, da abin da ke rarraba haske zuwa launukansa ya zaɓi guda, da ido na lantarki a ɗaya gefen. Ruwa mai launin ɗorawa haske mai shuɗi-shuɗi yake sha, shi ya sa ake saita na'urar a nanomita 412. A nan bayofiziks ya shigo da ƙafar dama: ƙa'idar Lambert ta 1760 da ta Beer ta 1852 sun tabbatar cewa yawan hasken da ruwa ya sha yana tafiya daidai da yawan sinadarin da ke cikinsa da kaurin ruwan da hasken ya ratsa. Shi ya sa ɗan kofin da ake zuba ruwan, kubet, faɗinsa santimita ɗaya ne cif. Gefensa biyu garau ne, biyu dusu-dusu, kuma ta dusu-dusun ake riƙe shi, don shatin yatsa ma haske yake sha.

Sai ɗalibarmu ta kunna na'ura ta bar ta ta yi ɗumi. Ta zuba mililita 2.6 na bafa, da 0.4 na ruwan ƙwaƙwalwa, da maikurolita 100 na DTNB, wanda kwalbarsa ke naɗe da takardar alminiyom saboda haske na lalata shi. Sannan ta dakata. Nama na da wasu sinadarai nasa da kan ba da ɗorawa ko ba enzayim, sai an bari sun gama nasu, lamba ta tsaya cak. Daga nan ta ɗiga maikurolita 20 na abincin enzayim, wanda a ranar aka haɗa shi, ta gauraya, ta rufe murfi, ta danna agogo. Duk rabin minti ta rubuta lamba, har minti biyar. A gefe kuma akwai kofin fanko, wanda ɗalibai ke kira bulank, mai ɗauke da komai ban da ruwan ƙwaƙwalwa, domin abincin enzayim kan ɗan farfashe da kansa, kuma dole a cire wannan daga lissafi. Malamin ɗakin gwaji in ya zo wucewa ba ya tambayar sakamako, abin da yakan fara cewa shi ne, "Ina bulank ɗinki?" Kowane kifi sau uku ake auna shi. In ukun suka yi hannun riga da juna, ba a zaɓar biyun da suka yi daɗi, sakewa ake yi.

Lambobin in aka ɗora su a takardar girafi ya kamata su hau a miƙe. Tsayin hawan a minti ɗaya, in aka raba shi da 13,600, adadin da ke nuna ƙarfin shan hasken wannan ɗorawa, shi ke ba da saurin enzayim. Amma da saura. Wata ƙwaƙwalwar ta fi wata niƙuwa, don haka sai a san yawan furotin da ke cikin kowane ruwa, a raba da shi, kwatanci ya yi adalci. Hanyar Marion Bradford ta 1976 ce ta fi sauƙi: wani rini ne mai launin ƙasa-ƙasa da kan koma shuɗi in ya kama furotin, a karanta shi a nanomita 595, a gwama da jerin ruwaye da aka san adadin furotin ɗinsu. Sai a ƙarshe a jera kifin bakin gona kusa da kifin tafkin da ba ruwansa da gona. Masana kan ɗauki raguwar kashi 20 cikin ɗari ko fiye a matsayin alamar cewa dabba ta gamu da irin wannan guba.

Abin da ya fi burge ni a wannan sana'a shi ne littafin rubutu. Da biro ake rubuta shi, a kan teburin aiki, a lokacin da abin ke faruwa, da kwanan wata da zafin ɗaki da ma lokacin da aka ɗauke wuta. In an yi kuskure layi ɗaya ake ja a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, ba a gogewa, ba a yage shafi. Yana iya yiwuwa bayan duk wannan wahala sakamako ya nuna kifin Baturiya lafiyarsa ƙalau. Ɗaliba ta gari haka za ta rubuta, ta tsaya gaban malamai ranar kare bincike ta faɗa, domin shi ma labari ne da masunci da mai sayen kifi a kasuwar Haɗeja ke da haƙƙin ji.

Kada a ɗauka wannan hannu a bakin tafki yake tsayawa. Marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya rasu a 2017, da irin waɗannan awo ya bi diddigin sayalides, enzayim ɗin da ƙwayar cutar sammore da ciwon barci ke amfani da shi ta lalata jajayen ƙwayoyin jini, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta kimiyya ta NLNG a 2009. A nan gida kuma, cutar ƙoda da ake kuka da ita daga Haɗeja zuwa Nguru da Gashuwa, masu bincike na ci gaba da bin musabbabinta, kuma awon farko da ake yi wa marar lafiya, wato kiriyatinin a jini, launi ne shi ma da ake karantawa a irin wannan na'ura, da irin wannan yatsa.

A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga Baturiya zuwa gandun daji na ƙasa, Jami'ar Sule Lamido kuma, wadda aka kafa a 2013, tana nan kusa a Kafin Hausa. Ina roƙon gwamnatin Jigawa da masu kula da gandun su haɗa hannu da jami'o'in jihar, a tanadi firiza mai aiki da hasken rana da na'urar awon haske da sinadaran gwaji kusa da bakin ruwan nan, a kuma ba 'ya'yan masunta da manoman yankin tallafin karatun wannan fanni, domin a riƙa auna kifin Baturiya duk shekara bayan janyewar ruwa da kuma bayan kowane feshin jan-baki.